Rasuwar Subira a Hawan Kitonga

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, ni Zakayo Kikoti mai dakon albasa a Ruaha Mbuyuni, a madadin iyalina, nake sanar da rasuwar akori-kurata Subira. Ta cika ranar Asabar da rana tsaka a kwana mafi tsini ta hawan Kitonga, tururi na tashi daga bakinta, tireloli na danna mana oda ta baya, dangin amarya kuma suna can Ilula sun yanka akuya suna jiranmu.

Wanda bai sani ba ya sani: ɗana Festo ke neman auren Tumaini 'yar gidan Mdemu. Suka yanka mana sadaki na shanu. Ni ko kaho ban ajiye ba. Bayan dogon zama dattawa suka yarda Subira ta tsaya a madadin shanun, bisa sharaɗi ɗaya: ta shigo gidan da ƙafarta, kamar yadda saniya ke shigowa.

Marigayiya ta yi rayuwa ta biyayya. Ta girmi Festo, ita ce ma ta kai uwarsa asibiti ranar haihuwarsa. Ba ta taɓa tashi da makulli a gaban baƙi ba, saboda kunya. Sai an tura. Da asuba takan yi gaisuwa, "kyar-kyar-kyar, uhum," sannan ta yi shiru ta ba ka damar yin addu'a. Ta ɗauki albasa, ta ɗauki gawa, ta ɗauki mawaƙan coci da gangunansu, ba ta taɓa tambayar nauyin kowa ba.

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Allurar zafi da ta shekara tana barci sai ta farka ta fara hawa. Kowace safiya a tarar da ɗan jiƙo a ƙarƙashinta. Na duba tiyo, na duba famfon ruwa, na murza murfin lagireto, ban ga komai ba. Na ce to huji ne ƙarami, na yi abin da kowane direban kirki ke yi a wannan hanya: na fasa mata ɗanyen ƙwai a lagireto, ya dahu ya toshe. Ban gaya wa kowa ba, don kada maganar ta hau dutse kafin mu hau.

Ashe ba ni kaɗai ke ƙaunarta ba.

Ranar Asabar muka kama hawa, Festo cikin kwat, Maman Festo riƙe da bargunan kai wa surukai, ƙaninta Yusto a baya. Allura ta wuce ja ta nemi hanyar fita. Subira ta ce "tik-tik-tik," ta ce "fuuu," ta tsaya. Na buɗe murfi, abin da ya fito ya ɗauke mini fatar hannu. Kafin in gama ihu, Yusto ya sheƙa mata jarkar ruwan sanyi a kan inji. Muka ji "ƙas!" Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Birai suka sauko daga duwatsu suka zauna a gefen titi, su ne farkon masu ta'aziyya.

Tarakta ta jawo gawar zuwa garejin Ngailo bakanike, wanda ya yi binciken musabbabi a gaban iyali. Ya zaro sandar baƙin mai, man ya fito kamar shayi da madara. Ya ce, "Gaskit ta ƙone, kan inji ya tsage." Sannan ya kwance lagireto ya kifa a faranti, ya daɗe yana kallo.

"Dattijo, mota ka kawo mini ko karin kumallo? Wa ya sa ƙwai?"

Na ɗaga bandeji.

"Ganyen shayin fa?"

Maman Festo ta gyara ɗankwali. "Haka babana ke yi wa tasa, kuma tasa ta mutu da mutuncinta."

"To wannan tuwon?"

Yusto ya ce, "Garin masara ne, ludayi guda. Ko biyu. Yaya, kada ka harare ni, ai ƙwanka ne ya haɗa miyar."

"Ni da motata!"

"Motar surukai dai," in ji Yusto.

Ngailo ya ce duk hanyoyin ruwa sun toshe, ko allura ba za ta wuce ba. Na tambaye shi asalin ciwon. Ya ɗauko murfin lagireto ya nuna mini robarsa ta tsage, ta nan ruwan ke malala. Fanbel kuma ya saki, fanka tana juyi kamar mai jin barci. Lagireton kanta ba huji ko ɗaya. Festo ya cire kwat ya zauna a kan taya.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, uku daga ciki 'yan uba ne; batir mai sauran numfashi; jak da ba nata ba; da ango guda wanda ba a san matsayinsa ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan garejin Ngailo. Mai zuwa ya zo da sifanarsa. 'Yan gwangwan su dakata a bakin ƙofa har iyali su gama ban kwana. Mun aika wa gidan Mdemu cewa ni ne ba lafiya, don haka ina roƙon direbobin da ke hawa Ilula, don girman Allah, ku riƙe bakinku har in samo shanu. Mai saniyar aro ya same ni a asirce.

Ƙarin bayani: ina cikin sa hannu a wannan sanarwa a garejin Ngailo bas ta sauke wani dogon tsoho mai sanda da jakar kayan aiki. Maman Festo ta yi wuf ta ja tamfol ta rufe gawar.

"Gafaranku dai. Nan ne wajen Kikoti? Ni ne yayan Mdemu, baffan amarya. Na tsufa a kan tirela tsakanin nan da Zambiya. An ce jikinka ya hana ka tuƙi, shi ne na zo in hau da motarmu da kaina. Ina makulli, suruki?"

Maman Festo ta ce, "Baba, hutawa take yi."

"Ba komai, 'yata. Zan jira ta tashi."

Ya jawo benci ya zauna.

An ɗage jana'iza.