Ranar da Jirgina Ya Ɗaga Hannu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da Kawu Sabo ya zo ganin jirgina. Har yau in abin ya faɗo min, sai abinci ya fita raina.

Ina shekarar ƙarshe a wata jami'a a Guangzhou, ina karatun lantarkin jirgin ƙasa. Aikin kammalawata ƙaramin layin dogo ne a kan tebur, da turaku da wayar sama, irin wadda jirgi ke ɗaga hannun ƙarfe daga rufinsa yana gogarta. A miƙaƙƙen layi babu wuya. A kwana ake yin ta, don dogo yana lanƙwasa, ita kuwa waya daga turke zuwa turke a miƙe take. Dole ka matso da turakun kusa da juna, in ba haka ba ta yanke kwana ta bar hannun a iska. Na san wannan sarai (ni ne ma mai koya wa 'yan ajinmu, don iyayi). Amma turakuna suka ƙare, mai shago ya kaɗa kai ya ce "meyo", wato babu. Sai na baza 'yan ragowar a kwanar da kuma mararraba, inda layi ya rabu biyu. Duk gwajin da na yi hannun a kwance yake, tunda ɗan jirgin ta dogo yake shan wuta. Gaskiya tsoron ɗaga shi nake yi.

Kawu, ƙanin Innata, shi ke ɗauke da karatuna, fataucin jakunkuna yake yi a Shiling, wani gari a gefen Guangzhou. Tuni ya yanke min hukunci: in ya ga abin kirki in zarce digiri na biyu, in bai gani ba aikin sitonsa na jirana. Ya zo da abokan kasuwarsa, ya kira Inna a Kano ta bidiyo, ya saita salularsa a kan tebur.

Jirgi ya zaga lafiya lau. Har na fara murmushi.

"Yaro, wayar saman nan ado ce?" in ji Kawu. "Na gasken da muke shiga hannunsu a sama yake. Ɗaga masa."

"Kawu, ai ba sai an..."

"Ɗaga masa, Yaya ta gani."

Na ɗaga. Jirgi ya shiga kwana, hannun ya zame daga ƙarƙashin wayar ya yi sama, yana isa mararraba ya sarƙe. Turaku suka bi shi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga guɗa daga salula. Ashe hoton makara yake yi kafin ya isa Kano, Inna har lokacin jirgi take gani yana tafe.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya!"

"Amin, Yaya," Kawu ya ce, ya katse kiran. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na gyara, na ci jarrabawa da ƙyar, amma Kawu ba ya magana biyu. Yanzu ina sito ina ɗaure kwalaye, in ya wuce ya ce, "Injiniya, ja igiyar nan da kyau." Bai taɓa faɗa wa Inna ba, ni ma haka, ita kuwa tana can tana ba maƙwabta labarin jirgin ɗanta. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ji tsoron gwadawa kai kaɗai, zai jira ka tara masa jama'a.