Kirarin da Na Yi a Gasar Karatu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunayen awakina. Ina da shekara hamsin da ɗoriya, ga ni tsaye gaban makirfo a farfajiyar wata lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, takarda a hannu, jama'a cike da rumfa har bakin katanga. Amma bari in fara daga Madam Rakiya, don ita ta ja mini.

Ni ban shiga aji ba sai da furfura ta fito mini. Da rana ina sayar da kopto a bakin tasha (wanda bai san kopto ba, zogale ne da ƙuli da yaji, kuma nawa ya fi na kowa, duk wanda ya musa ya zo mu haɗu), da la'asar in tafi ajin manya. Shekara biyu muka yi a kan Hausa, a ta uku aka fara ɗora mana Faransanci. Madam Rakiya, malamarmu, sa'ar ɗiyata ta fari ce. Ita ta lura ina karatu kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. Wata rana ta karɓi wayata ta zuba mini wani abu.

"Gwaggo, wanga zane ne mai motsi na mutanen Japan, anime ake ce mai. Da yarensu suke magana, amma ana rubuta Faransanci daga ƙasa. Rubutun bai jiran kowa. In kina son ki san mi anka ce, sai ki bi shi da gudu."

Na ce, "Madam, ni za ki ba wasan yara?"

"Ki kalli kashi guda. In bai yi miki ba, ki goge."

Kashi sittin da wani abu ne. Ban goge ko ɗaya ba.

Labarin gasar faɗa ne a wani tsibiri. Ana haɗa mutum biyu-biyu a kan wani faffaɗan dutse, wanda ya ci ya wuce gaba, har a rage biyu. Tauraron wani saurayi ne, ɗan masunta, gashinsa a tsaitsaye, ni na sa masa Ɗan Bushiya. Kuma ku ji ni da kyau, ba a matsayin baƙuwa na kalli faɗan nan ba. Babana ɗan kokawa ne. A ƙauyenmu da ke gefen Tabla, in an gama girbi aka buga ganga, sunansa, Gago, ake fara kira. A gefen fili na yi wayo.

To, gaskiya abin yana da daɗi. Da azahar, in tasha ta mutu, motocin Abala sun tashi, ƙudaje ma sun gaji, sai in jingina da bango in buɗe waya. Sararin samaniyarsu wani irin shuɗi ne da ban taɓa gani ba, furanni masu ruwan hoda suna zubowa a hankali kamar ba su son taɓa ƙasa, teku yana numfashi a bayan masu faɗa. Sai in ji zafin Filinge ya janye daga jikina. Kuma sun san abin da babana ya sani: ba a filin ake cin kokawa ba, tun a gona ake cin ta. Sun nuna Ɗan Bushiya yana ɗaukar duwatsu yana hawan tudu, yana faɗuwa, yana tashi. Sun kuma nuna cewa kowane abokin gaba yana da uwa. Akwai wani ƙato da na tsana kashi huɗu cur, da aka nuna shi yana ƙarami yana jiran babansa a bakin jirgin ruwa, sai ga ni ina share hawaye da bakin zane, wani direba yana tambayata ko yaji ne ya shiga idona.

Amma ni ba na ganin aibi in yi shiru. Kullum na shiga aji sai na zazzage wa Madam.

Na farko, faɗuwa. A wurinmu bayanka ya taɓa ƙasa, an gama, ka tashi ka kakkaɓe ka je ka sha hura. Su kuwa a maka mutum da dutse har dutsen ya tsage, ya kwanta, ya tashi yana murmushi. Na biyu, kafin mutum ya kai naushi sai ya daka tsawa ya faɗi sunan naushin. (Wa ya taɓa ganin ɗan kokawa ya ce wa abokinsa, ka shirya, ƙafar hagu zan kama?) Na uku, mata. Mace ɗaya ce mai ƙarfi a gasar, doguwa mai sanda, na sa raina a kanta, aka fitar da ita a zagayen farko don kawai saurayin ya ji haushi ya ƙara ƙarfi. Kuma yadin da aka ɗinka mata kaya da shi bai isa kallabi ba. Sannan duk wanda aka lakaɗa wa duka, gobe ya zama aminin wanda ya dake shi, har da cin abinci kwano ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne tunani. Ana tsakiyar faɗa, naushi ya taso saura kamu ɗaya ya sauka a hanci, sai komai ya tsaya. Sai a koma yarintar mutum. Ya tuna kakarsa, ya tuna ruwan sama, ya tuna wani kare. Kashi biyu ana tunani, abokin faɗan kuwa yana tsaye da hannu a sama yana jira kamar mai ladabi.

Na ce, "Madam, wanga ƙarya ce tsagwaronta. Wane sakarai ne za ya tsaya tunanin kakarshi ana kallonshi a tsakar fili?"

Da ƙarfi na faɗa, gaban mata ashirin. Ku riƙe wannan.

Sai aka kawo sanarwar gasar karatu tsakanin ajujuwan manya na yankinmu. Tsarinta kamar na tsibirin: biyu-biyu, kowa minti uku, wadda ta fi karanta shafinta daidai ta wuce. Wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta allo babba, da kwalin alli, da littattafai, da takardar izinin buɗe aji a ƙauyen da ta zaɓa. Ni kuwa ƙauyenmu, sa'o'ina har yau dangwala yatsa suke yi a takarda ba su san abin da ke ciki ba. Allon nan nake so in kai musu. Kuma saboda bakina ba ya jiran ƙafata, tun kafin gasar na aika musu cewa su share gindin gawon da ke bayan masallaci, allo yana tafe.

Bin rubutun ƙasan waya ya yi mini rana. Zagaye na farko na kwashe wata daga Abala kafin ta gyara tabarau. Na biyu ma haka. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗu. Aka rage mu biyu, ni da Hadiza daga Sanam, wata siririya mai sayar da nono, wadda ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji. Na dube ta na ce a raina, wannan ko zagayen farko na tsibiri ba za ta wuce ba.

Ita ta fara. Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai tatsa. Ta yi tuntuɓe sau biyu, ta gama daidai da ƙararrawa. Aka kira ni. Wani mushe, wato malamin lakwal, mai riƙe da agogo ya miƙo mini shafina, ya ce, "Bismilla, Hajiya."

Layi uku na farko na wuce su kamar iska. Na huɗu ya ce wata yarinya tana tsaye a kan rumbu tana kallon fili bayan girbi, an fara buga ganga.

Wallahi ban san lokacin da rumfar ta ɓace ba.

Na ji ƙanshin karan gero da aka yanke. Rana ta yi ja tana sauka bayan gawo, ƙaiƙayi yana yawo cikin hasken, a hankali, a hankali, kamar furannin nan na tsibiri. Ga ni ƴar shekara tara, ƙafata ba takalmi, a kan rumbun innata. Ga babana ya fito, layu a damtse, ƙafafunsa fari fat da ƙura, yana taka rawa yana zagaya fili. Shekarar ce aka zo rubuta yara lakwal, aka ɗauki wana aka bar ni ga awaki, kuma a ranar na kama wan nawa a bayan rumbu na maka shi da ƙasa don haushi. Babana ya gani. Bai dake ni ba. Ya ɗaga ni sama yana dariya, ya ce, "Ke kam, da fili za a ba ki." Shekara arba'in da wani abu ban ji muryar nan ba, sai ga ta a kunnena, da ɗuminta da komai. Gangar ta matso kusa. Ya ajiye ni, ya shiga tsakiya, ya ɗaga hannun dama zai yi kirari, ni ma na ɗaga nawa, muka buɗe baki tare.

"Sai ni, gawo na bakin gona! Kowa ya jingina da ni ya sha inuwa, kowa ya ture ni ya kwana da ciwon baya! Ina mazan? Ku fito!"

A cikin makirfo na faɗe shi. Lasifika biyu aka ɗaura, ɗaya tana kallon kasuwa.

Abin da aka gaya mini daga baya shi ne, na yi fiye da minti biyu a tsaye ƙiƙam, ido a buɗe, baki a sake, ina ɗan jijjiga. Mushe ya yi gyaran murya sau uku. Madam Rakiya ta yi ta kiran "Gwaggo! Gwaggo!" a hankali. Ƙararrawa ma ta riga ta buga kafin kirarin ya fito.

Ni dai na farka na ga layin gaba sun ja kujeru baya, wani dattijo yana ta a'uziyya. Ku sani Filinge ƙasar Kurfai ce, gidan bori. Mace ta sandare, ta jijjiga, ta yi tsawa da muryar namiji, kowa ya san sunan abin. Kafin in sauke hannu, Inna Dela, wata tsohuwa ƴar bori da ke sayar da daddawa kusa da ni a tasha, ta ratso jama'a, ta yafa mini mayafinta a ka, ta durƙusa gabana cikin girmamawa.

"Sannu da sauka. Wa ya zo muna? Mi kake so a ba ka?"

Daga ƙarƙashin mayafi, da wata ƴar murya da ban san ina da ita ba, na ce, "Inna, ni ce."

"Mun sani ke ce doki. Shi muke tambaya."

"Inna, babu kowa. Tunani na tahi."

Makirfon bai mutu ba. Wannan ma kasuwa ta ji.

Dariyar ta fara ne daga matan ajinmu, su ashirin ɗin nan. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Wane sakarai ne za ya tsaya tunanin kakarshi a tsakar fili?" Madam Rakiya ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta suna rawa. Inna Dela ta janye mayafinta, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ashe ko iska ba ta ɗauke ki aiki ba." Ta koma wurinta.

Hadiza aka ba allo. Ina kallo aka ɗaura shi a saman motar Sanam.

Na yi kwana huɗu ban fita tasha ba. A na biyar wani direba ya yi sallama, ya miƙo mini ƙulli a leda. Rabin kwalin alli ne, da littafi biyu, da ƴar takarda daga Hadiza, da rubutu ƙanana kamar muryar mai shi: "Yaya, kin fi ni gudu. Ki fara da wannan." Na zauna na karanta sau uku. Ni da na ce ƙarya ce wanda kuka kara da shi ya zama naka.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa ƙauye, da allin, da wani tsohon ƙyauren langa-langa da na sa aka shafa wa baƙin fenti. Ba takardar izini, ba komai. Na tarar an share gindin gawo tas, har da yayyafa ruwa. Labari kuwa ya riga ni isa. Mata goma sha ɗaya suna zaune a tabarma, na ɗauki alli zan rubuta harafin farko, sai wata ƙawata ta yarinta ta ce, "A'a, ɗiyar Gago. Kirari tukuna, kana karatu."

Na yi musu. Me ya rage mini da zan ɓoye?

Har yau ina kallon Ɗan Bushiya, kuma har yau ina zaginsa in ya faɗi sunan naushi. Amma in ya tsaya tuna kakarsa, shiru nake yi. Ban ce sun yi ƙarya ba kuma, tunani yana kama mutum a tsakar fili, ni shaida ce. Ƙaryarsu ɗaya ce, jiran. A tsibiri abokin faɗa yana tsayawa sai ka gama. A Filinge akwai mushe da agogo. Shi ya sa yanzu in ina karatu gaban jama'a na ji gangar nan ta taso daga nesa, sai in ce, Baba, Allah ya jiƙanka, zauna nan gefe, saura layi shida.