Rasuwar Takalmin Ƙafar Dama na Wilfred Endacott

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba tukuna, Wilfred Endacott, tsohon makiyayin tumaki na yankin Dartmoor a Ingila, yake sanar da rasuwar takalminsa na ƙafar dama, wanda taɓo ya haɗiye ranar Talata a kan hanyar Dutsen Rago.

Marigayin ya yi rayuwa ta haƙuri. Ya sha ruwan sama, ya taka kashin tumaki, bai taɓa zame wa maigidansa a kan dutse ba. Abincinsa kitsen rago ne kawai. Maganarsa ɗaya ce, "ƙiiƙ, ƙiiƙ," ita ma sai an fara hawa. Shi ya kai Wilfred ƙwanƙolin dutsen ranar da ya watsa tokar gawar matarsa Mavis, wadda aka ƙone kamar yadda ta bar wasiyya, kuma shi yake mai da shi can kowane mako su gaisa.

Ba ciwo ne ya kashe shi ba, kunya ce. Ayarin 'yan yawon buɗe ido ne suka cike 'yar hanyar, kowa ido a kan waya. Wilfred, wanda ya san taɓon nan tun yana yaro, ya kauce musu ya taka koren ciyayin da ya rufe taɓon. Sai "cakwal!" Ƙafa ta fito, takalmi bai fito ba. Wata a cikinsu har hoto ta ɗauka.

Marigayin ya bar abokin zamansa na ƙafar hagu, da rabin gwangwanin kitse, da safa ɗaya mai ɗoyi. Ya kuma bar alkawari. Shekarun baya, da 'yarsa Tamsin ta matsa masa ya bar hawan dutse ya koma wurinta a birnin Plymouth, Wilfred ya ce, "Ranar da takalman nan suka mutu, zo ki kwashe ni." Ya faɗa yana dariya, don ya san yadda yake kula da su. Ita ba ta manta ba. Da labari ya kai mata, ta'aziyyarta ke nan: "Baba, Allah ya rufa asiri ba kai ba ne. Na gyara maka ɗaki."

Ba za a ga gawa ba, taɓo ya ƙi bayarwa. Saboda haka ranar Asabar za a kai na hagun saman dutsen, a tura shi cikin tsagar da ke kallon gona, ya zauna tare da Mavis. Wilfred zai hau shi kaɗai, da silifas ɗin da Tamsin ta aiko masa. Ba a bukatar 'yan rakiya, balle masu hoto.

Mai son yin gaisuwa ya zo kafin Lahadi. Daga nan sai a nemi Wilfred a Plymouth, bene hawa na huɗu. Tagar ɗakin tana kallon wurin ajiye motoci.