Rasuwar 'Yar Bama, Robar Bakin Malam Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da muƙamuƙi mai tsami, Malam Maharazu na Kwanyawa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Karaye da Rogo rasuwar abokiyar kwanansa, wato robar da yake sawa tsakanin haƙoransa in zai yi barci, wadda aka fi sani da 'Yar Bama. Ta cika a daren jiya tana kan aikinta, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayiya a Ingila, in ji Liti tsohon soja, wanda ya zo da ita a jakarsa shekarar da aka sallamo sojoji daga yaƙin Bama. A bariki aikinta tare naushi: in sojoji za su yi damben Turawa sai su cusa ta a baki don kada haƙora su zube. Ta sha naushin ƙattai iri-iri, ko tabo ba ta yi ba. Da Liti ya dawo gida ya rasa abokin dambe, sai ya ba Malam Maharazu ita a kan zakara ɗaya. Baiwar Allah ta ɗauka hutu ya zo. Ashe yanzu ne za ta ga yaƙi.

Kowa ya san Malam Maharazu da fulako. A duk Kwanyawa ba wanda zai dafa ƙirji ya ce ya taɓa jin "a'a" daga bakinsa. Ka taka shi, ya ce ba komai. Akuyarka ta cinye masa dawa, ba komai, har ya tambaye ka ko ta ƙoshi. Amma da zarar barci ya ɗauke shi, duk "a'a" ɗin da ya haɗiye da rana sai haƙoransa su tashi su hau niƙa ta, garas-garas, har gari ya waye. Wata maƙwabciya ta taɓa leƙowa ta kan danga ta tambayi matarsa Tasalla ko za a haɗa mata da nata geron. Da safe kuwa ya tashi kai kamar an ɗaure shi da igiyar shanu, ko fura da ƙyar yake buɗe mata baki. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya har ƙeyar ta gaji. Ba a ga sauƙi ba sai da marigayiya ta tare.

Ana yi mata kyakkyawar shaida. Shekara da shekaru tana shiga tsakanin na sama da na ƙasa, ba ta taɓa goyon bayan ɓangare ɗaya ba. Ba ta ci, ba ta sha, abin da take nema kawai a ɗauraye ta da ruwan ɗumi a mayar da ita battarta. Ta san duk maganar da Malam ya so faɗa wa mutane bai faɗa ba, kuma ta tafi da ita. Muryarta ma ba ta ɗagawa, sai dai "ƙiiƙ, ƙiiƙ" a hankali, kamar sabon takalmi. A zamaninta ciwon kai ya yi ƙaura, Tasalla ta samu barci har ta yi kumatu.

Jinyarta ta soma ne lokacin da Ɗanmaliki, wan Tasalla, dillalin gyaɗa a Rogo, ya gane hanyar Kwanyawa. Ya fara da aron babbar riga zai je ɗaurin aure. Malam ya ce, "Ba komai, Yaya." Daren nan marigayiya ta samu lotsawarta ta farko. An sake ganin rigar kam, amma a jikin Ɗanmaliki, ranar da ya zo aron jaki. A kan jakin ya zo aron garma, ya ɗaura garmar a bayan jakin ya dawo aron keke. Kowane aro da ramin da yake bari a jikin marigayiya, har ta rame, ta yi shara-shara, ana hango fitila ta cikinta. Mu da muka san ta da ƙibarta, abin ya ba mu tausayi, ya kuma ba mu haushi.

Jiya a kasuwar Karaye ajali ya yi sallama. Ɗanmaliki ya tare Malam a rumfar masu goro, ya yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda ba ya yi sai yana son abu, sannan ya ce, "Ƙanena, fadamar nan taka ta gado, ka ara mini bana kawai in gwada rake." Fadamar nan kuwa ita ce ke riƙe da gidan da rani, mahaifin Malam ne ya share ta da hannunsa. Waɗanda ke wurin sun ce sun ga "a'a" ta taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta, ya yi murmushi, ya ce, "Ba komai, Yaya, ka zo jibi da hantsi mu zaga."

Marigayiya ta yi iyakar ƙoƙarinta a daren. Ta yi "ƙiiƙ", ta sake yin "ƙiiƙ", sannan aka ji "ƙas!" Ta rabe biyu. Abin da naushin soja bai yi ba, murmushin Malam ya yi shi.

Tasalla ce ta tsinci rabin gawar a kan tabarma. Ta dube ta, ta dubi mijinta yana dafe da kai, ta ce, "Malam, kai kake cewa ba komai da rana, ni nake kwana ina jin komai. Wana ne, cikinmu ɗaya, na fi ka saninsa. Tun muna yara ya ari kazata, har yau tana hanya. In fadamar nan ta bi jaki, da rani me za mu ci? Haƙoran naka?"

Marigayiya ta bar turame na sama da na ƙasa, waɗanda yanzu ba mai raba su. Ta bar haƙorin gaba ɗaya mai girgiɗi, da battarta, da Tasalla, wadda ta soma yi wa barci bankwana. Ta bar Liti, wanda ya ce ba shi da wata sai in an sake yaƙi, ba ma fata. Ciwon kai ya riga kowa zuwa gaisuwa, ya kuma shimfiɗa buzunsa.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa roba salla, kuma kada ya ji an doshi maƙabarta da ita. Saboda haka, bayan shawara da Tasalla, za a binne marigayiya gobe da hantsi a tsakiyar fadamar nan. Tunda dama Ɗanmaliki zai zo a lokacin, ana roƙonsa ya taho da jaki don ɗaukar gawa, da garma don haƙa rami, da keke don sanar da dangi na nesa, da babbar riga don maigida ya samu abin karɓar gaisuwa. Iyalai suna kuma sanarwa cewa ba za su iya ba da aron ƙasar da masoyiyarsu take kwance ba, bana ko baɗi. Masu cewa Malam ya ɓuya a bayan matacciyar roba ba su yi ƙarya ba, amma shiga tsakani dama shi ne aikinta.

Za a raba goro a bakin fadama, ban da Malam, don ba ya iya tauna. Duk wanda ya zo gaisuwa, Allah ya ba shi lada. Wanda kuma ya zo da niyyar aro, ya sani tun safe Malam yake bayan rumbu yana gwada amsarsa, kuma Tasalla ta ce ta ji ta fita har sau biyu.