Jatau da Littafin Hawan Jini

A Tudun Kanya akwai wani gida mai mutum biyu: Inna Tabawa mai hawan jini, da ɗanta Jatau, wanda bai taɓa ƙara komai a kan umarni ba, bai kuma taɓa ragewa ba. Aka kawo wa asibitin ƙauyen sabon shiri, littafi guda. An ce an gwada shi kan mutum dubu goma a wata ƙasa mai sanyi, ya yi aiki. Malama Zulai, ma'aikaciyar lafiya, ita ke karanta wa mutane.

Wata rana ta ce, "Jatau, Inna ta riƙa tafiyar minti talatin kullum." Inna kuwa da ma tafiyar awa guda take yi zuwa rijiya. Jatau ya ari agogo ya bi ta. A tsakiyar hanya ya ce, "Inna, zauna, sun cika."

"Kai ɗan nan, ruwan fa?"

"Malama ba ta ce ruwa ba."

Ya goyo ta gida, tulu ba ko ɗigo.

Wata rana aka ba shi ƙwayoyi: ɗaya bayan kowane abinci, sau uku a rana. Damina ce, rumbu ya ƙare. Ran da aka ci sau ɗaya, ya ba ta ɗaya. Ran da ba a ɗora tukunya ba, ƙwaya ta huta. Malama ta tambaye shi, "Kana bin ƙa'ida?"

"Sau da ƙafa."

Ta rubuta a takarda cewa yana bi. Ba ƙarya ta rubuta ba.

Wata rana Malama ta ce, "In jiki ya tsananta, kawo min ita duk inda nake." Ran Laraba Inna ta faɗi, baki ya karkace. Asibiti a rufe, Malama na birni wajen taron murnar nasarar shirin. Jatau ya ɗora Inna a amalanke, ya tura har birni, ya wuce masu gadi, ya tsaya gaban babban tebur. Wani likita baƙo na tsaka da cewa kashi casa'in cikin ɗari na bin ƙa'ida.

"Malama, ga ta."

Likitan ya ajiye takarda ya durƙusa. "Tana shan magani?"

Jatau ya zazzage ƙwayoyi daga aljihu. "Ga su, ranka ya daɗe. Abinci suke jira."

Likitoci goma sha ɗaya ne a ɗakin, abin da Tudun Kanya ba ta taɓa gani ba. Inna ta rayu. Hannunta na hagu dai bai sake ɗaukar tulu ba.

Da aka sake buga littafin, sai ga sabuwar tambaya a shafin farko: sau nawa ake ɗora tukunya a gidanku? Rahoton shirin ya ce zurfin bincike ne ya gano ta.