Yadda Ake Rufe Rumbu da Alhamdulillahi

Kai maigida, ka ji ma'aikatan tallafin noma suna zagaya Ikara, Makarfi da Kudan suna tambayar abin da ake ci, don su rubuta gidajen da za a ba iri da taki kafin saukar ruwa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka ba zai shiga jerin masu yunwa ba. Wurin Malam Zulkifilu na Furana na koyo su, wanda masararsa ta ƙare tun watan jiya, ko maƙwabcinsa bai sani ba.

Mataki na 1: Sa rigar Sallah

Da ido ake fara rubutu. Ranar da ma'aikaciyar, Malama Mukarrama, ta zo da wayarta, cikin babbar riga ta same shi a zaure, har da turare.

Mataki na 2: Ja gaisuwa

Tambayi gida, aiki, hanya, gajiya, ka sake daga farko. Cajin waya ba ya jure gaisuwar mutanen kirki.

Mataki na 3: Riƙe amsa ɗaya

"Baba, cikin makonni huɗun nan, kun taɓa kwana ba ku ci ba?"

"Alhamdulillahi."

"E ko a'a? Gurbi biyu ne kawai a wayar."

"To 'yata, sa a na alhamdulillahin."

Mataki na 4: Kira shi azumi

Da ta tambayi sau nawa ya ci jiya, ya ce azumin nafila ya yi.

"Baba, jiya ai Laraba ce."

"Ni nawa har da Laraba."

Mataki na 5: Yanka wa baƙuwa kaza

Wanda ya ci nama a gidanka ba zai rubuta maka yunwa ba. Malam ya ɗaga murya ya kira matarsa: "Badi'a! A kama kazar nan!" Ita ke nan gare su, amma wa ya tambaya?

Mataki na 6: Kada ka bari ta shiga cikin gida

Nan malamina ya yi sake. Mukarrama ta ce za ta gaida Inna. Badi'a kuwa ba ta tona asirin mijinta da baki ba, ita ma alhamdulillahi ta ce. Sai dai ta ja ta zuwa rumbu.

"'Yata, idona ba ya gani sosai. Leƙa min ko kazar tana ciki."

Mukarrama ta leƙa, ta daɗe. Kazar ce kaɗai a ciki, kwance kan ƙwanta.

"Inna, a bar ta. Wallahi na ƙoshi."

Bayan mako uku iri da taki suka iso ƙofar gidan, ni kaina sai da na ji daɗi. Har yau Malam yana gaya wa majalisa babbar rigar ce ta yi aiki: "Sun ga mutumin kirki ne."

Gargaɗi: In ka bi matakan nan ka yi nasara, ka shiga damina da mutuncinka ba iri, babu ruwana. In kuma asirinka ya tonu kamar na Malam, kada ka nemo ni. Shiga ciki ka yi wa matarka godiya, a hankali, kada maƙwabta su ji.