Labaran Oditer

"Da na so boko, da yanzu minista ne ke riƙe mini jaka."

Wannan ita ce gaisuwar Labaran Jatau a kasuwar shanu ta Djougou. Ka ce masa ina kwana, ya ba ka tarihin kansa. Dillali ne, kuma tsakani da Allah aji uku ya yi a lakwal, wato makarantar boko. To amma da faransancin aji ukun nan ya hana kasuwa sakat. In ya sayar ya ce "wala", wato "shi ke nan", in ciniki ya ɓaci ya ce "wala". Ran da wani bijimi ya tsinke igiya ya bi shi har cikin rumfar mai koko, da aka zaro shi, abin da ya fara cewa ke nan.

Shekarar da aka gyara mayanka, sai aka ce ƙungiyar mahauta da dillalai ta naɗa sakatare mai takarda. Sarkin Pawa, Alhaji Idrisu, ya tara mutane ya faɗi sharaɗi. Jami'a a Parakou ta buɗe ɗan gajeren kwas na Asabar da Lahadi, mako shida, a kan tsaftar nama da tafiyar da ƙungiya. Wanda ya je ya ciyo, kujera tasa ce, da babur sabo fil.

"A goge mini babur ɗin kafin in dawo," in ji Labaran.

Mutum biyu suka tafi, shi da Dogo mai kilishi. Dogon nan gajere ne, sunan ne kawai ya yi tsawo. Ya gama firamare, amma bai taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye shi.

A ofishin rajista suka tarar da wata Madam Hannatu, Bahaushiyar unguwar Kpébié. Ta dubi Labaran ta saman tabarau, ta kira shi Mushe, wato Malam da faransanci.

"Mushe, da kiredi za ka yi, ko oditer libir?"

Tsaya in gaya maka, abokina, don a nan jaki ya ka da kaya. A bakin 'yan jami'a, kiredi maki ne da ake rubuta wa ɗalibi in ya ci jarrabawa. A bakin kasuwa kuwa, kiredi bashi ne. Labaran ya ja da baya, ya gyara wuyan riga.

"Kiredi? Ni? Madam, dube ni da kyau. Kakan kakana ya kai jaki ɗari Gwanja ya dawo da goro, bai taɓa cewa a bar shi sai gobe ba. Gidanmu ba a cin kiredi."

"Ba wannan kiredin ba ne, Mushe, shi wannan..."

"Kiredi kiredi ne. Na biyun fa, me kika ce?"

"Oditer libir."

Labaran ya juya kalmar a baki. Libir dai ya san shi, ɗa ke nan, ba bawan kowa ba. Oditer kuwa ya taɓa ganin wani mai wannan suna, mai binciken kuɗi, ya zo daga Kotonu a farar mota, manyan ma'aikata suna ta rawar jiki.

"Wala. Rubuta."

"Ka bari in yi maka bayani."

"Madam, in kin ga mutum ya san abu, ki bar shi da saninsa."

Ta bar shi da saninsa. Da ta faɗi kuɗin, ya ji rabin na sauran ne, sai ya gyaɗa kai, ya ce ai dama manya ragi ake yi musu. Dogo ya matso ya ce a rubuta shi da kiredi. Labaran ya dube shi da tausayi na gaske.

"Talauci bai yi ba. Karatun ma a bashi, Dogo?"

A unguwar Banikanni ta Parakou, inda ya sauka gidan surukinsa, ya sayi jaka, da biro uku, da tabarau wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Ranar farko malami ya kira sunan kowa, ban da nasa. Labaran ya raɗa wa na kusa da shi cewa ba a kiran manya da suna a gaban yara.

Mako na biyu malamin ya zo da huhun saniya mai tarin fuka a cikin faranti, ya tambaya me ya kamata a yi da irinsa. Kafin kowa ya motsa, Labaran ya miƙe.

"A yanke wurin, a zuba yaji da yawa, a kai tasha. Matafiyi ba ya dawowa."

Malamin ya duba takardarsa, ya ce, "Mushe, kai ne oditer ɗin nan ko? Don Allah koma bencin baya."

Ya kwashi jakarsa ya koma yana taku ɗaiɗai. Ran Litinin duk Djougou ta ji cewa jami'a ta gane ko shi wane ne, an ba shi benci shi kaɗai, daga can yake duba aikin malamin.

"Yaron yana ƙoƙari," in ji shi. "Sai dai akwai gyara."

A gida ya hana matarsa Lubabatu ce masa Malam, sai Oditer. Ya sayar da kekensa, don bai dace a ga keke da babur a gida ɗaya ba. Ya kira magini ya fasa gefen ƙofar zaure saboda kada madubin babur ya gogi bango.

"Oditer, ba ka bari a ga babur ɗin tukuna?"

"Lubabatu, harkar jami'a ce. Ki tsaya a tuwo."

Ranar jarrabawa mai tsaron ƙofa ya tare shi, ya ce oditer ba ya zama. Kai da ni da mun ji gabanmu ya faɗi. Labaran kuwa godiya ya yi. Ya zauna gindin mangwaro yana cin soyayyen wagashi, cukun nan na nonon shanu, yana leƙen Dogo ta taga yana ta zufa a kan takarda. Da suka fito ya dafa kafaɗarsa.

"Ka ga sharrin bashi ko? Sai an titsiye ka. Mu kallonmu kawai aka yi, aka ce ya isa."

Ranar naɗi da hantsi, rumfar Sarkin Pawa ta cika. Dogo ya zo da takardarsa a ninke cikin aljihu, tana ƙamshin yaji. Labaran ya sa tasa a gilashi, ya ɗauko mai kalangu yana biye da shi. Aka kira Mushe Usuman, tsohon malamin lakwal, ya karanta wa jama'a. Ya fara da ta gilashin.

"An shaida Labaran Jatau ya halarci kwas a matsayin oditer libir. Kiredi, sifiri."

"Kun ji ko!" Labaran ya juya ga taro. "Sifiri! Ko dala jami'a ba ta bina!"

Kalangu ya ɗauka. Sarkin Pawa ya ɗaga hannu.

"Mushe Usuman, juya mana shi da Hausa."

"Ranka ya daɗe, oditer shi ne mai sauraro. Libir kuma, ya zo ko bai zo ba, ba ruwan kowa. Kiredi makin ci ne, shi kuwa ba shi da ko ɗaya."

"Wato?"

"Ɗan kallo, ranka ya daɗe."

Mai kalangu ya saɓa kalangunsa a hankali, ya koma bayan mutane. Aka karanta ta Dogo, kiredi shida cif. Aka miƙa masa makullin babur da littafin ƙungiya. Wallahi a lokacin nan har ni Labaran ya ba ni tausayi, don bakinsa yana motsi amma ba abin da ke fita, kuma ban taɓa ganin haka ba.

Can ya samo murya.

"To wahalata fa, Sarki? Mako shida ina hanyar Parakou. Ga takarda da hatimi. A zubar?"

Sarkin Pawa ya yi shawara da dattawa ƙasa-ƙasa, ya gyara zama.

"Kana da gaskiya. Ba a zubar da ilimi. Daga yau kai ne Oditer na ƙungiya."

Labaran ya gyara tabarau. "Wala. Mene ne aikina?"

"Abin da ka karanto. Duk ranar taro ka zo, ka zauna a baya, ka saurara."

"Amma ranka ya daɗe, ai ni a ganina..."

Dogo ya buɗe littafi, bai ko ɗago kai ba.

"Oditer," in ji shi, "an fa fara aiki."